Damin Ciyawa a Shingenmu

"Goge shi! Mas Danang, na ce ka goge hoton nan yanzu-yanzu!"

Haka na daka masa tsawa. Muna tsaye a gaban ofishin dagaci, tsakaninmu taku uku kamar yadda dokar korona ta ce, kowa da takunkumi a fuska da shuɗiyar rigar jami'a a jiki.

"Dik Nawang, ki tsaya ki saurare ni..."

"Ba abin da zan saurara! Mutum nawa suka gani?"

Ya dubi wayarsa, ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Na goge tun ɗazu. Amma an riga an gani."

"Na ce mutum nawa?"

"Kusan... kusan duk garin."

Innalillahi! Na zauna a kan dakalin ofishin ban ma san na zauna ba.

A shekarar ce annoba ta hana jami'armu tura ɗalibai nesa don hidimar ƙauye da muke yi kafin kammala karatu. Aka ce kowa ya koma garinsu ya yi kwana arba'in da biyar yana yi wa mutanensa aiki. Ni da Danang garinmu ɗaya, Tegalwuni. Shi ɗan Bu Sumi ne, matar nan mai babban kantin bakin titi. Ni kuma 'yar Pak Ponijan ce, mai keken doki da ke yawo da baƙi a birnin Yogya.

Shekara uku muna soyayya. Ina kiransa Mas, wato yaya, yana kirana Dik, wato ƙanwa, yadda masoya ke yi a garinmu. Bapak, mahaifina, ya riga ya amince mutanen gidansu su zo neman aurena da zarar mun gama hidimar nan. Har rana an sa.

Aikin da muka ɗauko mai sauƙi ne. Muka kafa shingen gora, muka buga masa ƙusoshi. Mai hali ya rataye ledar cefane, marar hali ya zo ya cire, ba tambaya. Sai dai malamar da ke duba mu ta ce duk aikin da ba shi da hoto ba shi da maki.

To shi ne gogan naku ya laɓe a bayan bishiyar mangwaro da safe, ya ɗauki hoton wani mutum yana cire leda. Murna ta kwashe shi, ya tura a guruf ɗin garin na waya, har da rubuta "Alhamdulillahi, an fara amfana!"

"Wallahi ban gane shi ba, Dik. Ya sa takunkumi, ga malfa ta rufe..."

"Takunkumi?" Na ɗago da hawaye. "A garin da ake gane mutum da tarinsa? Ba ka ga kan dokin a gefen hoton ba? Akwai wanda bai san Jalu mai farin goshi ba a Tegalwuni?"

Bapak ne a hoton. Mahaifina ne, hannunsa a kan leda, ledar kuma ɗauke da sunan kantin Bu Sumi ɓaro-ɓaro.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni kaina ban sani ba. Kwana goma ina cin alayyafo da tempe, irin awarar garinmu, ina santi, ina cewa Ibu, mahaifiyata, hannunta ya ƙara daɗi. Kullum da safe Bapak zai ɗaura wa Jalu keke, ya gyara malfa, ya ce ya tafi aiki. Ashe tun da aka rufe gari babu baƙo ko ɗaya. Bakin kogi yake zuwa ya yanki ciyawa, ya zauna har la'asar, don kada in sani hankalina ya bar kan karatu.

"Ki yafe mini, sanyin idona..."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan!"

Na tashi na bar shi a tsaye.

*

Da Bapak mai faɗa ne da na ji sauƙi. Amma shi idan ransa ya kai maƙura wajen ɓaci, a lokacin ne muryarsa ke ƙara laushi.

Na same shi a bayan gida yana taje wa Jalu geza. Bai juyo ba.

"Nduk." Haka yake kirana tun ina goye.

"Na'am, Bapak."

"Ki gaya wa ɗan gidan Bu Sumi, ranar nan da muka sa an ɗaga."



"Zuwa yaushe, Bapak?"

"Ban sa wata ba."

"Bapak, don Allah... kuskure ne. Bai gane ka ba."

"Na sani. Yaron kirki ne." Ya ci gaba da tajewa a hankali. "Amma ki gaya mini, da wace fuska zan zauna a tabarma ɗaya da su? Su miƙo kayan neman aure, ni in miƙa hannu, hannun da duk gari ya gani a cikin ledarsu? Sai a ce Ponijan ya ba da 'yarsa don ya samu cefane."

"Ba mai faɗin haka!"

"Ba sai an faɗa ba, Nduk. Kallo ya isa."

Na durƙusa ina kuka, na ce me ya sa bai gaya mini babu aiki ba. Sai a lokacin ya juyo, idanunsa sun kaɗa.

"Ke ce ta farko a zuri'armu da ta taka jami'a. In gaya miki don ki ajiye littafi ki je wankau?"

Ina son Danang kamar raina, wannan ba ƙarya. Amma mutumin nan da ke tsaye da mataji a hannu, shekara ashirin yana shan rana don ni. Na shiga ɗaki na kashe wayata.

*

Shingenmu kuwa tun daga ranar ya mutu. Ledoji suna rataye, alayyafo yana yaushi, ƙuda yana bi, ba wanda ya ƙara kusantar wurin. Har hanya mutane suka canza don kada a ce an gan su.

Rana ta uku na je kwashe abin da ya lalace, sai ga Mbah Tukinem, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, tana dogara sanda. Takunkuminta a haɓa yake kullum, wai yana hana ta masifa yadda ya kamata.

"Ah, 'yan boko! An zo kwasar gawa?"

"Haba Mbah..."

"Haba me? Ku dai karatun nan ya cinye muku wayo. Kun rasa inda za ku kafa abu sai ƙofar dagaci, inda kowa ke wucewa, ga kuma mai hoto a bayan bishiya kamar mai farautar tsuntsu! Ke ba a garin nan aka haife ki ba? Nan fa ko shayi aka miƙo maka sai ka ce a'a sau biyu kafin ka karɓa. Mutum zai kwana da ruwan zafi a ciki, ka tambaye shi ya ce ya ƙoshi har ya yi gyatsa. Shi ne za ku ce ya zo tsakiyar gari ya nuna babu?"

Gaskiya ta faɗa.

"Ni kaina sau biyu na zo na koma," ta ƙara da ƙaramar murya. "In kin faɗa wa wani sai na fasa miki kai da sandar nan."

Na hango Danang a can gefe, ashe yana jin komai. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Na ɗauke kai na wuce kamar ban gan shi ba, amma Allah ya sani zuciyata a wurinsa na baro ta.

*

Bayan mako guda Bapak ya tashi da zazzaɓi. Bayan kwana biyu ya ce ba ya jin ƙanshin kofi. Ma'aikaciyar asibitin karkara ta zo cikin farar rigar leda, ta yi masa gwaji, ta manna takarda a ƙofarmu. An killace mu kwana goma sha huɗu, ba shiga ba fita, ni da Ibu da shi.

Ibu ta buɗe tukunyar shinkafa ta leƙa, ta rufe. Na gane abin da ta gani.

Washegari da na buɗe taga sai na tsaya da baki buɗe. Shingen gidanmu cike da ledoji! Shinkafa, ƙwai, citta, rogo, ayaba, har da miyar kaza a kwano an ɗaure da ƙyalle. Babu suna a kan ko ɗaya, kuma duk ledojin baƙaƙe ne, babu mai tambarin kanti.

Ibu ta rungume kwanon tana kuka tana dariya.

"Wannan miyar Tukinem ce, ko a mafarki na san yajinta!"

Mu dai mun samu. Wanda bai samu ba shi ne Jalu.

Kullum Bapak ne ke yanko masa ɗanyar ciyawa a bakin kogi. Yanzu ba mai fita. Dokin ya cinye 'yar dusar da ta rage, ya koma haniniya yana dukan ƙasa. Bapak kuwa yana kwance numfashi yana yi masa wuya, amma ba ta kansa yake yi ba.

"Nduk... Jalu ya ci?"

"Ya ci, Bapak," na ce daga bakin ƙofa.

"Ƙarya kike. Ina jin kukansa."

Ya juya fuska bango. Ranar ko kunun shinkafa ya ƙi sha.

Safiya ta uku, a ƙarshen shinge, kusa da ledoji, sai ga wani ƙaton abu a rataye. Damin ciyawa ne!

Amma wace irin ciyawa! Rabi da saiwa, rabi da taɓo, ga ƙaya a ciki, wata doguwa wata guntuwa. Na kwaso da gudu na ɗaga ta saitin tagar Bapak.

"Bapak! Duba abin da aka kawo wa Jalu!"

Ya yunƙura ya leƙo. Ya daɗe yana kallo.

"Subhanallahi... Wane marar imani ne ya yi wannan aika-aika? Da haƙori ya yanko ta?"

Sai ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari, Ibu ta rugo da ruwa. Amma wallahi tun da aka yi maganar hoton nan ban ga haƙoransa ba sai ranar.

"Ki zauna ki tsince ƙayar kafin ki ba shi," ya ce. "Sannan ki kawo mini kunun."

*

Washegari tun da aka idar da sallar asuba na kafa ido a taga. Gari ya fara haske sai ga babur an kashe shi tun daga nesa ana turowa. Mai turowar ya sauke dami, ya ɗaga da ƙyar ya rataye. Yatsunsa uku a naɗe da filasta.

Danang ne. Danang ɗin da idan Jalu ya yi atishawa sai ya yi tsalle ya koma bayana!

Na kunna wayata, karon farko cikin kusan mako biyu, na kira shi. Tana shiga ya ɗauka, ya waiwayo yana neman tagata.

"Dik..."

"Me ya sami hannunka?"

"Lauje ne. Ashe ba ya son a riƙe shi kamar biro."

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa.

"Kada ki yi kuka, rabin raina. Yaya jikin Bapak?"

"Da sauƙi... ban sani ba, Mas. Tsoro nake ji."

"Zai tashi da yardar Allah. Amma ki yi mini alkawari ɗaya, kada ki gaya masa ni ne. In ya sani zai hana dokin ci, ki bar bawan Allah ya ƙoshi."

"Don ya huce kake yi?"



"Da farko har da haka. Amma jiya na zauna a inda yake zama a bakin kogi, na ga gurbin da ya share, na ga inda yake ɗaure Jalu. Wata uku yana wuni a wurin shi kaɗai, Dik. Ko ba zai ba ni ke ba, ciyawar nan sai na yanka."

Na jingina goshina da katakon taga. Duk fushin da na tara na neme shi na rasa.

Daga nan kullum sai mun yi waya, shi a bakin titi ni a taga. Ya ba ni labarin ya je ya durƙusa wa Mbah Tukinem, ta wanke shi tas, sannan ta gaya masa yadda za a yi. Suka cire shingen daga ƙofar dagaci suka mayar lungun bayan masallaci, suka kewaye shi da buhuna. Sabuwar doka ɗaya ce: kowa ya shiga da rufaffen kwando, ya fito da rufaffen kwando. Ba wanda ya san wa ya ajiye, wa ya ɗauka.

"Ka ce mutane sun dawo?"

"Layi ake yi! Ibuna ce ta fara shiga, ta fito tana cewa ita ma ta samo barkonon da ya fi na kantinta. Dagaci ma ya shiga da kwandon matarsa, yana ta gyaran murya."

"Rahoton fa? Malama ta ce sai da hoto."

"Na cire duk hoton da ke da mutum a ciki. Ledoji kawai na bari. Ta yi ta faɗa, ta ce zan iya maimaita hidimar baɗi. Na ce na ji na gani."

"Mas! Shekara guda fa!"

"Ai na riga na ɗauki hoton da ya ishe ni har in mutu."

*

Rana ta takwas da killace mu ita ce ba zan manta ba. Da azahar numfashin Bapak ya sarƙe, leɓɓansa suka canza launi. Ibu ta riƙe shi tana salati, ni ina ta kiran asibiti. Ma'aikaciyar ta zo da tukunyar iska, ta ce idan bai daidaita ba kafin magariba sai an tafi da shi birni. Kowa ya san a kwanakin nan wanda aka tafi da shi birni ba lallai a sake ganin fuskarsa ba.

Na zauna a ƙofar ɗakin ina ƙirga numfashinsa. Danang yana tsaye a titi cikin rana, na ce ya tafi, ya ƙi.

Wajen la'asar sakaliya ma'aikaciyar ta duba ɗan abin awon iskar jiki da ta maƙala masa a yatsa, ta sake dubawa, sai na ga kafaɗunta sun sauka.

"Awon ya hau. Bu, ya hau! Ba sai an tafi da shi ba."

Wayyo Allah! Ban san lokacin da na yi sujada a kan siminti ba. Na ruga taga na ɗaga wa Danang hannu biyu, shi kuma ya zame ya zauna a tsakiyar titi ya rufe fuska.

Bayan kwana biyu Bapak ya ce shi fa ya gaji da kunu, a soya masa tempe da yaji. Ibu ta soya tana waƙa. Ni kuwa ji na yi kamar an sauke mini buhun shinkafa daga ƙirji.

Kullum kuma sai ya ce a ɗaga masa damin ranar ya gani.

"Yau babu saiwa. An fara hankali."

Washegari: "Ya gano inda mai laushi take. Amma har yanzu yana yanka ta sama da yawa, ɓarna ce."

Ni dai bakina gum.

*

Ranar da aka cire takardar ƙofarmu, aka ce duk mun fita lafiya, Bapak ya yi wanka ya sa rigarsa mai ratsi. Washegari tun da sassafe ya ja kujera ya zauna a baranda, ya ce iska yake son sha.

Na so in yi wa Danang waya in gargaɗe shi, Ibu ta riƙe mini hannu ta girgiza kai.

Sai ga shi yana turo babur. Ya ɗaga dami zai rataye kenan...

"Ajiye shi a ƙasa, Le. Shingen ya gaji," in ji Bapak daga baranda. Le, haka dattawanmu ke kiran yaro namiji.

Danang ya daskare. Damin ya suɓuce ya faɗi. Da lokacin lafiya ne da rarrafe zai zo ya kifa kansa a gwiwar Bapak ya nemi gafara, yadda muka gada. Amma doka ta hana kusantar juna. Sai kawai ya zube a nan bakin titi, cikin ƙura, ya haɗa tafukansa a goshi.

"Pak, na yi laifi. Na tozarta ka a gaban mutane. Ba ni da bakin..."

"Tashi, kana ɓata wando. Wa ya koya maka yankan ciyawa?"

"A... a waya na kalla, Pak."

"Shi ya sa." Bapak ya girgiza kai. "Kai a zatonka ban san kai ba ne? Tun rana ta biyu na gane. Duk garin nan wa yake ƙulla dami da igiyar roba, har da ɗan kunne na riƙewa, kamar an sayi sukari a kanti?"

Ibu ta toshe baki a bayana. Ni kam dariya da kuka suka haɗe mini.

Bapak ya dubi shingen. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Kwana goma sha huɗu ina cin abin da aka rataye mini. Na ci na Tukinem, na ci na dagaci, na ci na mutanen da na san su ma ba su da shi. Ina kwance ina jiran kunya ta kashe ni, ba ta kashe ni ba. Ciwon ne ma ya kusa." Ya share ido da bayan hannu. "Kowa ya tuna da mu, Allah ya saka musu. Amma mutum ɗaya ne ya tuna akwai wani mai rai a bayan gidan nan da ba ya iya cewa yana jin yunwa."

"Pak..."

"Ban gama ba. Tukinem ta ce matan gari sun fara samun masu sayen kayan lambu a birni ta tallan da kuke yi musu a waya, amma babu mai kai musu."

"Haka ne, Pak. Na so in roƙe ka, na ji tsoro."

"Jalu ya gaji da zama, ni ma haka. Aiki ne, ba taimako ba, ko?"

"Aiki ne, Pak! Wallahi aiki ne, mu ne ma muke neman taimakonka."

"To ranar Litinin za mu fara." Ya yunƙura ya miƙe, na matso zan riƙe shi ya ɗaga mini hannu. Har ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ka ce wa mahaifiyarka tabarmata tana nan. Mutum biyar kawai za su zo, ka san doka. Kuma kada a manta da wainar shinkafa mai danƙo, ita wannan yarinyar tun tana ƙarama ita take so."

Ya shige ciki.

Na dubi Danang, ya dube ni. Taku goma ne tsakaninmu, ba halin matsowa.

"Dik Nawang... na ji daidai kuwa?"

"Ka ji daidai, sarkin masu lauje!"

"To yanzu zan iya kiranki da sunan nan?"

"Wanne?"

"Sanyin idona."

Na rufe fuska da mayafi na ruga ciki, na yi karo da Ibu, muka rungume juna muna ta kuka kamar wasu yara.

*

Malama dai ta gama faɗanta ta karɓi rahoton da hotunan ledoji, har ta ce 'yan baya su yi koyi. Shingen bayan masallaci ya daɗe yana aiki bayan mun gama hidima. Bapak da Jalu suka koma hanya, keke cike da alayyafo da kabeji maimakon baƙi.

Bayan wata biyar aka sa bikinmu, ƙarami, mutum talatin.

Ana gobe ɗaurin aure ina cikin ɗaki, an hana ni fita kamar kowace amarya, sai leƙe ta taga. Bapak ya zauna a tsakar gida ya saƙa ɗanyen ganyen kwakwa da hannunsa, wanda uban amarya ke ratayewa a saman ƙofa don duk mai wucewa ya san gidan nan ana aurar da 'ya. Ibu ta riƙe masa tsani, ya hau a hankali, don har lokacin ƙarfinsa bai gama dawowa ba.

Daidai nan sai ga angon gobe da daminsa a bayan babur, don har ranar bai fasa ba. Da ya ga abin da ake yi sai ya tsaya nesa, ya sunkuyar da kai zai juya.

"Le!" Bapak ya ƙwala masa kira daga saman tsani.

"Na'am, Pak!"

"Ina wayar nan taka?"

Danang ya yi tsuru-tsuru. Tun ranar da abin nan ya faru bai ƙara ɗaukar hoton ɗan Adam ba, ko nawa.

"Tana... tana aljihu, Pak. Wallahi ban taɓa ta ba!"

Bapak ya gyara malfarsa, ya janye takunkumi zuwa haɓa, ya dafa saƙar ganyen da hannunsa na dama, hannun nan dai da duk gari ya gani. Ya washe baki har kunne.

"Fito da ita. Wannan kam ka ɗauka... ka tura wa kowa da kowa!"